Safar Dambe da Buhun Naushi: Tarihin Abin da Ke Tsakanin Ƙashi da Yashi

A watan Oktoba na 1974, lokacin da George Foreman ke shirin karawa da Muhammad Ali a Kinshasa, babu abin da ya fi tsorata 'yan jarida irin kallonsa yana dukan buhun atisaye. Mai horar da shi, Dick Sadler, shi ke rungume buhun don kada ya yi ta lilo, kuma kowane naushi sai ya girgiza shi har ƙafafunsa. Idan Foreman ya gama, akan tarar da wani rami ya lotsa a jikin buhun, daidai inda dunƙulensa ke sauka. Marubuci Norman Mailer, wanda ya halarci wurin, ya ba da labarin cewa Ali yakan wuce ta gefen buhun nan ba tare da ya yarda ya dube shi ba. Kowa ya san yadda karawar ta ƙare ranar 30 ga wata, a turmi na takwas. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda hannun ɗan Adam, mai ƙananan ƙasusuwa 27, zai lotsa buhu mai nauyin mutum ya kuma wayi gari lafiya lau.

Wannan tambaya ta daina zama ta 'yan dambe kaɗai. Yanzu da wuya ka shiga ɗakin motsa jiki a babban birni ba ka ga buhu a rataye a wani lungu ba, kuma masu dukansa galibi ba su da niyyar hawa dandamali: likita ne da ke son rage teɓa, ko ma'aikaciyar banki da ke neman inda za ta sauke gajiyar ofis. Su ne ke tsayawa a gaban kanta suna juya safar dambe, suna ganin an rubuta 10 a jikin wannan, 14 a jikin waccan, farashin ɗaya ya ninka na ɗaya sau biyar, mai kanti kuma ba shi da wata amsa sai cewa duk masu kyau ne. Mutumin da abincinsa ke fitowa daga yatsunsa, ko da wuƙar tiyata ko da alƙalami, bai kamata ya yi wannan zaɓi da ka ba. A ganina hanya mafi sauƙi ta gane abin da za a saya ita ce a san dalilin da ya sa aka ƙirƙiri kowane sashe na safar, domin kusan kowane ɗinki da ke jikinta amsa ce ga wani rauni da aka taɓa ji.

Tsirkiyar fata da buhun ɓaure

A tsibirin Santorini na ƙasar Girka, cikin kangon garin Akrotiri da toka mai aman wuta ta binne, an tono wani zanen bango da ya kai kimanin shekara 3,600. Yara biyu ne ke dambe, kuma abin da zai ja hankalin Bahaushe nan take shi ne hannu ɗaya kawai aka rufe wa kowannensu, ɗayan a sake yake. Wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya ga an ɗaura wa ɗan wasa zare a hannun duka an bar masa ɗayan ya yi garkuwa da shi, ba zai ji baƙunta a gaban wannan zane ba. Ban ce akwai dangantakar jini tsakanin wasannin biyu ba. Matsala ɗaya ce ta haifi dabara ɗaya a wurare masu nisa da juna.

Girkawa sun shigar da dambe cikin wasannin Olimfiya a shekara ta 688 kafin haihuwar Annabi Isa. Abin da suke ɗaurawa, wanda suke kira himantes, tsirkiya ce ta fatar sa, doguwa ƙwarai, ana naɗe ta a wuyan hannu da tafi da kan dunƙule, a bar yatsu a waje. Babu soso, babu ciko. Aikinta shi ne ta haɗa ƙasusuwan hannu wuri ɗaya ta kuma tallafi wuyan hannu, watau ainihin aikin da bandejin dambe ke yi a yau. Fuskar abokin karawa ba ta cikin lissafi. Daga baya ma sai aka ƙara wa tsirkiyar wani zobe na busasshiyar fata mai kauri a kan gaɓoɓi, wanda ke yanka fata kamar aska. Akwai wani mutum-mutumin tagulla da aka tono a birnin Rum a 1885, na wani ɗan dambe a zaune bayan karawa, hancinsa a karye, kunnuwansa a kumbure, hannuwansa na kan gwiwa da irin wannan ɗauri. Rumawa suka kai abin ƙarshe da caestus, wanda akan dasa wa ƙarfe, har ya tashi daga kayan wasa ya koma makami.

Amma Girkawan nan sun riga sun gane wani abu da ɗan koyo na yau ke yawan mantawa: kayan karawa daban, kayan atisaye daban. Aflatun, a littafinsa na dokoki, ya ambaci cewa 'yan dambe kan sa wasu dunƙulallun safa masu taushi lokacin gwaji a maimakon tsirkiya, kuma idan suka rasa abokin gwaji sukan rataye wani abu su yi ta duka. Buhunsu, korykos, na fata ne, ana cika shi da 'ya'yan ɓaure ko gari ko yashi. Wani marubuci na zamanin Rumawa mai suna Philostratus ya bambanta su: buhun 'yan dambe ya zama marar nauyi domin saurin hannu ake nema, mai nauyin kuwa na masu wasan da ya haɗa kokawa da duka ne. A 2017 masu tonon tarihi a Vindolanda, wani sansanin sojan Rum da ke arewacin Ingila, sun sami safar dambe biyu na fata da suka kai wajen shekara ta 120 miladiyya. Ba su rufe hannu duka ba, madauri ne da ke zagaye kan gaɓoɓi, kuma babbar an cusa mata wani ciko don ya sha duka. Sojan da ya sa ta yana da buƙatar hannunsa gobe don riƙe takobi.

Yadda 'ya'yan masu kuɗi suka kawo soso

Bayan faɗuwar daular Rum labarin dambe mai tsari ya yi ƙaranci a Turai har tsawon ƙarnuka. Da ya sake ɓullowa a Ingila, da hannu tsirara ya dawo. Labari na farko da wata jaridar Landan ta buga, a 1681, na karawa ce tsakanin baran wani basarake da wani mahauci, mahaucin kuma ya yi nasara. (Mahauta da dambe, ga alama, tsohuwar amana ce da ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba.) James Figg ya zama zakaran da aka fara amincewa da shi a 1719, amma wanda ya shafi zancenmu shi ne magajinsa, Jack Broughton.

A 1741 Broughton ya kara da wani mai suna George Stevenson, ya yi nasara a kansa. Bayan shekara biyu, a 1743, ya fito da ƙa'idoji bakwai da suka hana dukan wanda ya faɗi, suka kuma ba shi daƙiƙa 30 ya tashi. Safa ba ta cikin ƙa'idojin. Ta shigo ne ta ƙofar kasuwanci. A 1747 Broughton ya yi tallar makarantarsa ta koyon dambe a unguwar Haymarket, yana neman 'ya'yan sarauta da attajirai, ya kuma san cewa babu mai kuɗin da zai biya a fasa masa hanci ya tafi majalisa da kumburarren ido. Sai ya yi alkawarin tanadar musu wasu safa masu ciko, waɗanda ya kira mufflers. Safar dambe ta zamani, ke nan, an ƙirƙire ta ne domin ɗan koyo mai abin hannu wanda ke da wata sana'ar da zai koma wa da safe. Mai karatun da ke tsaye a kanti yau shi ne ainihin mutumin da aka yi ta dominsa.

Su kuwa ƙwararru sun ci gaba da dambe da hannu tsirara fiye da shekara ɗari bayan haka, suna jiƙa hannuwansu a ruwan gishiri don fata ta yi tauri. Yana da kyau a dubi tsofaffin hotunansu, waɗanda mutane ke yi wa dariya saboda tsayuwar da suke yi, ƙirji a baya, hannuwa a ƙasa. Tsayuwar tana da dalili. Goshin mutum ya fi dunƙulensa ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wanda ya kai wa goshi naushi da iya ƙarfinsa da hannu tsirara, hannunsa ne zai fara karyewa. Saboda haka sukan auna duka, su fi kai wa jiki, su jira dama. Shi ya sa karawa kan yi tsawo. Ta ƙarshe da aka yi ta neman kambun masu nauyi a wannan tsari, tsakanin John L. Sullivan da Jake Kilrain a Richburg ta jihar Mississippi ranar 8 ga Yuli 1889, ta kai turmi 75, fiye da sa'a biyu cikin zafin rana.

Ƙa'idojin da suka kawo ƙarshen wannan zamani su ne na Queensberry, waɗanda John Graham Chambers ya rubuta aka buga a 1867 da sunan basaraken da ya ɗaure musu gindi. Su suka kawo turmi na minti uku, hutun minti ɗaya, ƙirga goma ga wanda ya faɗi, da wajabcin sa safa. Ranar 7 ga Satumba 1892 a New Orleans, James J. Corbett ya kayar da Sullivan a turmi na 21, dukansu sanye da safa mai nauyin oza biyar. Oza biyar bai kai giram 150 ba, abin da yau ko yaro ba za a ba shi ya doki buhu da shi ba.

A nan ne wani abu mai ɗaure kai ya faru, kuma har yau masana lafiyar wasanni suna muhawara a kansa. Safa ta rage tsagewar fuska da karyewar hannu, amma da hannu ya sami mafaka sai ya daina jin tsoron kai. Aka koma dukan kai da cikakken ƙarfi, turmi bayan turmi, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta damu da taushin abin da ya girgiza ta ba. Ni dai abin da na ɗauka daga wannan shi ne safa, tun asalinta, ta fi yi wa mai duka hidima fiye da wanda ake duka. A gaban buhu wannan gaskiya ta zama alheri tsantsa, tunda buhu ba shi da ƙwaƙwalwar da za ta girgiza, hannunka kaɗai ne abin karewa.

Izga da soso

Har tsakiyar ƙarni na ashirin, cikon safa izgar doki ce. Kamfanin Everlast, wanda Jacob Golomb ya kafa a unguwar Bronx ta New York a 1910 yana ɗinka kayan ninƙaya, ya shiga harkar dambe ne ta hannun Jack Dempsey, wanda ya ci kambun duniya a 1919. A Meziko, Cleto Reyes ya yi suna da safar izga, wadda aka fara amfani da ita a karawar kambun duniya a 1945. Izga tana da hali: idan aka yi ta duka takan watse ta koma gefe, gaɓoɓi su matso kusa da fata, naushi ya isa da kaifinsa. Don haka masu ƙarfin hannu ke son ta a daren karawa. A ɗaya gefen akwai kamfanin Winning na Japan, wanda safarsa ta soso ta yi suna wajen taushi har 'yan dambe ke mata laƙabi da matashin kai, kuma masu ciwon hannu ke neman ta ko nawa take. Tsakanin waɗannan biyu duk sauran suke. Galibin safar da ke kasuwanninmu kuwa, ko wane suna aka buga a jikinta, daga Sialkot ta Pakistan ko Sin ko Tailan take fitowa.

Wanda ke shakkar muhimmancin 'yan giram ɗin ciko, ya karanta abin da ya faru a Madison Square Garden ranar 16 ga Yuni 1983. Wani matashi mai suna Billy Collins Jr., wanda ba a taɓa kayar da shi ba, ya kara da Luis Resto turmi goma, ya fito idanunsa a rufe da kumburi. Da mahaifinsa, wanda shi ne mai horar da shi, ya je gaisawa da Resto, sai ya ji safar ba ta da kauri. Bincike ya nuna cewa mai horar da Resto, Panama Lewis, ya zare wani ɓangare na cikon. Collins ya sami rauni a ido wanda ya raba shi da dambe, ya kuma rasu a haɗarin mota a shekarar da ta biyo. An ɗaure Resto da Lewis a kurkuku, kuma bayan shekaru da yawa Resto ya amsa cewa har bandejinsa an jiƙa da garin filasta. A 2009 ma an kama wani abu mai kama da haka a naɗin hannun Antonio Margarito kafin karawarsa da Shane Mosley. Abin da aka zare daga safar Resto bai wuce 'yan ozoji ba.

Babban yatsa ma yana da nasa tarihin. A tsofaffin safa a sake yake, yakan tsole idon abokin karawa, yakan kuma lanƙwashe baya idan naushi ya goce. Yawan raunin ido a farkon shekarun 1980 ya sa hukumomin dambe a Amurka suka gwada safa marar babban yatsa, 'yan wasa suka ƙi ta, aka daidaita a kan ɗinke yatsan da jikin safa da ɗan ƙyalle. Maɗauri mai mannewa na Velcro, wanda Baswise George de Mestral ya ƙirƙira, shi ya 'yantar da mai atisaye daga neman wanda zai ɗaure masa igiya.

A gaban kanta

Lambar da ke jikin safa nauyinta ne da oza, kuma oza ɗaya giram 28 ne da 'yan kai. Ke nan mai lamba 10 ta kai giram 283, mai 12 giram 340, mai 14 kusan 400, mai 16 kuma laba ɗaya cif, giram 454. Ƙwararru kan yi karawa da oza 8 a ƙananan ajin nauyi, 10 a manya. Kuskuren farko na ɗan koyo shi ne ya ce abin da zakaru ke sawa shi zai saya. Safar karawa an yi ta ne don dare ɗaya, a hannun mutumin da ya shekara goma yana koyon yadda ake sauke naushi. Buhu kuwa za ka doke shi sau ɗaruruwa a zama ɗaya, sau uku a mako, kuma a watannin farko yawancin naushinka a karkace zai sauka.

Karkacewar nan ita ce tushen matsala. Ƙasusuwan tafin hannu biyar ne. Biyun da ke bayan manuniya da yatsan tsakiya suna zaune daram a kan wuyan hannu, su aka yi don ɗaukar nauyi. Na bayan ƙaramin yatsa siriri ne, yana kuma motsi. Wanda bai iya ba yakan kawo naushi a zagaye ya sauka a kan wannan siririn, ya karye a wuyansa. Likitocin ƙashi suna kiran wannan karaya da sunan 'yan dambe, alhali ƙwararrun 'yan dambe ba su cika yin ta ba, ta masu dukan bango cikin fushi ce da sababbin shiga. Rauni na biyu shi ne na wuyan hannu, idan ya lanƙwashe a lokacin da nauyin jiki ke bayansa. Na uku ba ya zuwa rana ɗaya: jijiyar da ke bi ta kan gaɓa takan yi ta shan duka har abin da ke riƙe da ita ya yage. Ba a mutuwa da ko ɗaya daga ciki, amma kowannensu na iya raba mutum da rubutu ko tuƙi na makonni.

Abin da masu horarwa suka saba ba da shawara shi ne oza 12 ko 14 ga yawancin manya masu fara dukan buhu. Mai ƙaramin jiki, wanda bai kai kilo 55 ko 60 ba, 10 ko 12 za ta ishe shi. Wanda ya haura kilo 80 ya nemi 14 ko 16. Wannan al'adar ɗakin horo ce, ba doka ba, kuma idan mutum ya tsaya tsakanin lamba biyu ni zan ce ya ɗauki babbar. Illarta kaɗai ita ce kafaɗa za ta gaji da wuri, wanda kuma ga mai neman motsa jiki riba ce. Akwai masu cewa safa mai nauyi tana ɓoye wa ɗan koyo kuskurensa, tunda ba ya jin inda gaɓarsa ta sauka. Da gaskiyarsu, kuma shi ya sa tsofaffin masu horarwa ke son siririyar safar buhu, irin wadda ba ta wuce fata da ɗan ciko ba. Amma wannan dabara tana aiki ne idan akwai malami a tsaye yana gyara maka hannu yana hana ka sakin ƙarfi. Wanda ke atisaye shi kaɗai a bayan gida, ciwo ne zai zama malaminsa, kuma karatun zai yi tsada.

Nauyi ba shi ne komai ba. Safa biyu na iya zama oza 14, ɗaya ta tara nauyinta a kan gaɓoɓi, ɗaya ta zuba shi a dogon wuya. Danna wurin gaɓoɓin da babban yatsanka da ƙarfi. Idan ka ji yatsunka na ciki nan da nan, ajiye ta. Idan ta yi laushi kamar burodi, buhu zai cinye ta cikin wata biyu. Abin nema shi ne soso mai tauri wanda ke dawowa idan an sake shi, musamman wanda aka jera hawa-hawa, mai taushi a ciki mai tauri a waje. Safar izga, duk da sunanta da tsadarta, ba ta ɗan koyo ba ce a kan buhu. Sannan ka kama wuyan safar ka gwada lanƙwasa shi baya. Wanda ya naɗe kamar tsumma ba zai riƙe maka komai ba. Ka duba cewa babban yatsa a ɗinke yake. Ka zaɓi mai mannewa a kan mai igiya, sai fa in kana da wanda zai riƙa ɗaure maka kullum.

Kada a gwada safa da hannu tsirara. Bandejin dambe, mai tsawon mita huɗu da rabi ga babba ko mita uku ga mai ƙaramin hannu, shi ne jikan tsirkiyar Girkawa, kuma aikinsa daban da na safa: ita tana shan duka, shi yana hana ƙasusuwa watsewa. Sayen safa mai tsada a bar bandeji kamar sa babbar riga ne ba wando. A naɗa shi tukuna, a zura hannu, a dunƙule. Yatsu su kai ƙarshen aljihun ba tare da sun takure ba, hannu kada ya yi yawo a ciki, kuma dunƙulewa kada ta zama kokawa da safar. Mata da yawa kan tarar aljihun safar maza ya yi musu faɗi ko da nauyin ya dace, kuma wannan faɗin ne ke sa hannu ya juya a lokacin duka.

Game da fata da roba, na fi sassauci fiye da masu sayarwa. Fatar gaske ta fi daɗewa, ta fi shan iska, tana kuma bin siffar hannu da tafiyar lokaci. Amma wanda bai tabbatar zai wuce wata uku yana wannan abu ba, babu laifi ya fara da ta roba mai matsakaicin farashi, muddin sosonta da wuyanta sun ci jarrabawar da na faɗa. Abin gudu shi ne ta can ƙasa, irin wadda ake haɗawa kyauta da buhu, da kuma jabu. Manyan sunaye duk ana kwaikwayonsu, kuma safar da aka buga wa tambarin Japan ko Meziko ana sayar da ita a kuɗin takalmin roba ta riga ta faɗa maka gaskiyarta. Akwai gwaji mai sauƙi da na taɓa yi a wani kanti, mai shi yana harara ta: na ɗora kowace ɗaya a kan ma'aunin kicin. An rubuta 14 a jikinsu, ɗaya ta ba da giram ɗari uku da 'yan kai, ɗayar ma ba su yi daidai da 'yar'uwarta ba.

In har wata rana za a kai ga gwada hannu da mutum, wannan safa ta buhu ba za ta shiga ba. Buhu yana taurara soso yana kuma goge fata ta yi kaushi, don haka ake ware wata dabam, galibi mai oza 16, don fuskar abokin atisaye. Abin da Aflatun ya sani ke nan.

Saura buhun kansa, wanda rabin ciwon hannun da ake ɗora wa safa laifinsa ne. Abin da aka saba bi shi ne nauyinsa ya kai kimanin rabin nauyin mai dukansa. Da yawa a nan sukan ba mai ɗinkin tamfol ya ɗinka musu, su cika shi da yashi zalla, su rataye a bishiya. Yashi yakan zauna ya daskare, musamman idan ya sha raɓa ko damina, har gindin buhun ya zama kamar bulo, kuma babu safar da za ta cece ka daga bulo. Buhunan kamfani galibi da yankakken tsumma ake cusa su, a saka ɗan yashi a ƙunshe a tsakiya don nauyi. Buhu ɗaya ko biyu na ragowar yadi daga wurin tela zai yi wannan aiki, a riƙa cusawa ana dannawa. Lokaci-lokaci a sauke shi a mirgina a ƙasa don cikon ya warware.

Zafinmu da gumi su ne manyan abokan gabar safa. Bayan kowane atisaye a buɗe bakinta a ajiye inda iska ke kaɗawa, a inuwa, domin rana kan busar da fata ta tsage ta kuma ƙona soso. Kada ta kwana a cikin jaka ko a but ɗin mota. Takardar jarida da aka cusa a ciki tana tsotse laima, bandeji kuma a wanke shi kamar yadda ake wanke safar ƙafa. Da hunturu, fatar gaske tana son a ɗan shafa mata mai kaɗan. Ranar da ka fara jin gaɓoɓinka suna taɓa buhu ta cikin soso, ko ka ga wurin ya lotsa bai dawo ba, safar ta gama aikinta ko da fatarta tana nan tana sheƙi, sai a nemi wata.